Fita Da Keke Zuwa Bayan Gari A Lokacin Kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Gombe, shekaruna 46, kuma ina da tsohon keke ƙirar Phoenix wanda na jingine tun da na sayi babur. Yanzu da damina ta wuce, ina sha'awar in riƙa fita da shi ranar Asabar ina bin hanyoyin gona, ni da ɗana mai shekara 12 wanda yake da nasa keken. Shin lokacin ya dace, kuma me ya kamata mu kiyaye? Daga wani mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lokacin ya dace, a ganina ma babu wanda ya kai shi a duk shekara, sai dai ba ya daɗewa. Daga tsakiyar Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, zuwa ƙarshen Nuwamba, kafin hunturu ya sauko da hazo da ƙura, ƙasa takan tsane ta yi ƙarfi, babu taɓo, kuma ba ta riga ta saki ta zama rairayi mai cin taya ba. Ku fita da zarar gari ya waye, wajen ƙarfe 6, ku dawo kafin ƙarfe 9, domin zafin kaka ba ya raga wa kowa idan rana ta ɗaga. Kilomita 8 zuwa 10, zuwa da dawowa, sun ishe ku a farko. Kada ku ɗaura niyyar Dadin Kowa tukuna, domin ta kusa kilomita 40, kuma titin Biu da manyan motocinsa bai dace da yaro a kan keke ba.

Keken da ya daɗe a jingine a fara kai shi wurin mai gyara, ya duba taya da robar birki, ya ɗiga wa sarƙa mai kaɗan, saboda idan man ya yi yawa ƙura yake tarawa.

Abin da ya fi tsayar da mai keke a wannan lokaci shi ne tsidau. Ciyawar tana shimfiɗe a ƙasa ba ta da wani kwarjini, amma da kaka 'ya'yanta sukan bushe su yi tauri, kuma ko ta ina ɗan ya faɗi akwai ƙayar da take kallon sama. Ku bi tsakiyar turba, inda ƙafa da babura suka share, kuma duk lokacin da kuka ratsa ciyawa ku tsaya ku juya taya a hankali, ku cire abin da ya maƙale kafin ya nutse. Famfo da faci da sholisho su kasance a jaka, tunda babu mai faci a tsakiyar gonaki. Ƙasar Gombe kuma mai zaizaya ce, turbar da ka sani bara wataƙila ruwan bana ya yanke ta da kwari, don haka a kowace gangara mai zuwa rafi ku sauka ku tura.

Batun maciji ina roƙonka kada ka ɗauke shi da wasa. Kububuwa tana da yawa a jihar nan, musamman a kudancinta, shi ya sa ake da asibitin masu saran maciji a Kaltungo, kuma lokacin girbi yana cikin lokutan da sara yake yawaita. Ku sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, ka kuma hana yaron zama a kan dami ko cusa hannu cikin tarin kara. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, kada wanda aka sara ya taka keke, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Sai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, wato masu hanyar. Ku kun fito shan iska, su kuwa manoma suna kwashe wahalar shekara guda ne. Dawa tana tsaye har yanzu ta fi mutum tsawo, tana rufe kwana, saboda haka ku kaɗa ƙararrawa kafin ku karya, domin a bayanta za a iya samun amalanken shanu ko jaki ɗauke da damin gero. Ku ba su hanya, ku kauce wa shanyar wake da gyaɗa, kuma idan kun haɗu da garke ku sauka har ya wuce. Bara na tsaya na yi wa wani dattijo sannu da aiki yana tsinkar gyaɗa a gindin tsamiya, sai ya karkaɗe ƙasar jikin wata saiwa, ya cika mini hula da ɗanyar gyaɗa, sannan ya nuna mini turbar da ta kauce wa kwari. Ka bar ɗanka ya riƙa yin sallama da bakinsa.

Kafin ku fita ka gaya wa mutanen gida yankin da kuka nufa, ka tabbata wayarka da caji, kowannenku kuma ya ɗaura gorar ruwa a kariya.