Tambayi Likita: Cizon Kwikwiyo, Yawun Kare da Hancin da ke Gane Zazzaɓi

Wata uwa daga Funtuwa: Likita, kwana huɗu ke nan kwikwiyon maƙwabcinmu ya ciji ɗana mai shekara shida a yatsa, suna wasa. Jini kaɗan ne ya fito, wurin ma ya kame. Kwikwiyon lafiyarsa lau, ba ya hauka. Maigida ya ce ba komai. In bar shi?

Hajiya, don Allah kada ki bari. A kai yaron asibiti yau, a fara masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, kwana huɗu bai makara ba.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, kuma ba ta buƙatar babban rauni. Yakushi ko ɗan cizon da ya huda fata ya ishe ta. Kwikwiyo yana ɗaukarta kamar yadda babban kare yake ɗauka. Idan ta shiga jiki ba jini take bi ba, jijiyoyi take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa raunin kan warke, a manta da shi, sai bayan wata biyu ko uku alamu su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizon fuska, wuya da yatsu ya fi haɗari, domin ko dai yana kusa da kai, ko wurin cike yake da jijiyoyi. Da zarar mutum ya fara tsoron ruwa, maƙogwaro na shaƙewa, kusan babu wanda yake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 suke mutuwa duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ya fi ci min rai shi ne maganin yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara a Faransa.

Ki gaya wa maigida kuma cewa ba kowane mahaukacin kare ne yake bin mutane da gudu ba. Akwai wanda cutar ke shanye masa jiki, ya yi lamo, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba. Sai mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a bakinsa don ya ciro. Mutane sun kamu ta haka.

A yanzu ba a yin allurai masu yawa a fatar ciki irin na da. A dantse ake yi, ƙananan yara kuma a cinya: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, wani tsarin kuma yana da ta huɗu tsakanin kwana 14 da 28. Idan raunin ya fitar da jini, likita zai duba ƙarin wata allura da ake yi a cikin raunin kansa, da ta tetanus. Ko mai ciki ana yi mata. Shi kuma kwikwiyon kada a kashe shi, kada a kore shi. A tsare shi kwana 10 daga ranar cizon. Idan ya mutu ko ya canja hali, a sanar da likitan dabbobi, ana iya gwajinsa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura.

Ga sauran iyaye: duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a duba agogo. Kada a zuba toka, barkono ko man juye, kada kuma a ɗaure wurin tam.

Wani mafarauci daga Ningi: Mun gaji daga iyaye cewa in ka ji ciwo a daji ka bar karenka ya lashe, yawunsa magani ne. Gaskiya ne?

Malam, na san inda zancen ya samo asali. Ana ganin kare yana lasar ciwonsa ya warke, kuma lasar tana ɗauke datti. Amma bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, har da wata mai suna Pasteurella da kan kumbura rauni cikin yini guda, da wata Capnocytophaga da kan shiga jini ta kashe mutum cikin kwanaki. Wannan ta biyu ta fi kama wanda saifarsa ba ta aiki. A ƙasarmu kuwa wannan babban al'amari ne, domin masu sikila da yawa saifarsu takan daina aiki tun suna yara. Ga haukan kare kuma, lasar buɗaɗɗen rauni daidai take da cizo. Ka riƙa sa sabulu da ɗan aidin a jakarka ta farauta, ka kuma kai karnukanka allura duk shekara. Idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar takan daina yaɗuwa.

Wata ɗaliba daga Kano: Na ga bidiyo a Facebook wai kare yana gane mai ciwon daji da mai maleriya ta shinshina. Ƙarya ce ko gaskiya?

'Yata, akwai gaskiya a ciki, kuma ni kaina abin yana burge ni. Hancin mutum yana da ƙwayoyin jin wari miliyan 5 zuwa 6, na wasu karnuka kuwa yakan kai miliyan 300. Cuta tana canja warin gumi, numfashi da fitsari. A 1989 likitoci biyu a Ingila suka ba da labari a mujallar Lancet na wata mata da karenta ya nace yana shinshinar wani tabo a ƙafarta. Da aka cire aka gwada, sankarar fata ce. A 2018 kuma masu bincike na Jami'ar Durham suka bayyana wani gwaji da aka yi da safar da yaran makaranta a Gambiya suka kwana da ita. Aka kai safar Ingila, karnukan da aka horar suka gane kusan 70 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar maleriya, alhali yaran ba su da zazzaɓi ma.

Sai dai ki lura, 70 cikin 100 na nufin an tsallake yara 3 cikin 10, kuma karnukan sun sha horo na watanni. Karen gadi da ya shinshine ki bai gano komai ba. In kina zazzaɓi, gwajin jini na minti 15 a asibiti ya fi.

Wani ɗan kasuwa mazaunin Sarh, Chadi: Ma'aikatan lafiya sun ce mu ɗaure karnuka saboda kurkunu. Me ya haɗa kare da kurkunu?

Alhaji, ka ba su haɗin kai. A 1986 mutum kusan miliyan 3.5 ke fama da kurkunu a duniya. Najeriya da Nijar sun samu shaidar rabuwa da shi a 2013. Ana gab da gamawa sai aka gano shi a karnukan gaɓar kogin Shari na Chadi a 2012, har a 2019 aka ƙirga karnuka kusan 2,000 masu shi. Masana sun fi zargin kayan cikin kifi da ake jefa musu ɗanye. Karen da tsutsa ta fito masa a ƙafa, in ya shiga tafki, ya zuba 'ya'yanta a ruwan da mutane za su sha. A binne kayan cikin kifi, a tace ruwan sha. Haka ma mahauta da masu layya: hanta ko huhun da aka ga ƙulli mai ruwa a jiki, kada a jefa wa kare. Wannan wata tsutsa ce daban, ba kurkunu ba: ta kashin karen ƙwanta yake dawowa kan mutum, ya yi ƙullutu a hanta.

Wani maigadi daga Kaduna: Karen gidan da nake aiki yana ta haki da rana, jikinsa da zafi. In ba shi farasitamol?

A'a, Baba. Zafin jikin kare dama ya fi namu, digiri 38 zuwa 39, kuma ba ya gumi sosai sai ta tafin ƙafa, da haki yake huce zafi. Ka mayar da shi inuwa, ka ajiye masa ruwa. Farasitamol da ibufurofen na iya lalata masa hanta ko ƙoda. Ka kuma nisanta shi da goro, cakulan, albasa da inabi, duk guba ne gare shi. In hakin bai lafa a inuwa ba, ko ya fara tangaɗi, ka jiƙa shi da ruwa, ka sanar da maigidan a kira likitan dabbobi.