Tambayi Likita: Me ya sa jiki ba ya gamawa da bairas da kansa?

Wani ɗalibi daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina: Likita, an koya mana cewa ƙwayoyin halittar jikinmu suna da makaman yaƙi da bairas. To me ya sa HIV ke cin galaba?

Ɗana, gaskiya aka koya maka. Sai dai ɓarawon nan ya daɗe da sanin gidan. A cikin ƙwayoyin garkuwar jiki akwai wani furotin mai suna APOBEC3G. Aikinsa ya laɓe cikin sabbin 'ya'yan bairas ya dagula musu rubutun gado, ya cika shi da kurakurai har su kasa hayayyafa. Ita kuma HIV ta zo da nata furotin, Vif. Vif yakan kama APOBEC3G ya maƙala masa alamar shara, sai ƙwayar halittar ta niƙe maigadinta da hannunta. A 2002 aka gano wannan faɗan.

Akwai kuma tetherin, wanda aka bayyana aikinsa a 2008. Shi ɗaure sabbin ƙwayoyin bairas yake yi a bayan ƙwayar halitta, kamar akuya a turke, don kada su fita su kama wasu. HIV ta tanadi Vpu, mai kawar da turken gaba ɗaya. Duk lokacin da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Shi ya sa nake roƙon masu shan maganin ARV, wato maganin rage kaifin HIV, kada su tsallake ko kwana ɗaya, domin garkuwar ita kaɗai an riga an san lagonta.

Wata uwa daga Daura: Yarona ya warke daga ƙyanda wata uku da suka wuce, amma daga gudawa sai tari. Ko sammu ne?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba sammu ba ne, aikin ƙyandar ce. Idan bairas ya shiga ƙwayar halitta, takan saki intafiron, wanda aka gano a Landan a 1957. Shi ne kururuwar da ke tada maƙwabta su kulle ƙofa. Ƙyanda tana da furotin mai suna V da ke toshe wannan kururuwa. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne tana kashe ƙwayoyin garkuwa masu tuna cututtukan da yaro ya taɓa yi, sai jikin ya manta su. Wannan rauni kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

Ki kai shi asibiti a duba nauyinsa, a ga ko ya samu bitamin A. Ki ƙara masa ƙwai, wake da madara. In kin ga numfashinsa na sauri ko ya ƙi shan ruwa, kada ki jira gari ya waye. Ƙannensa kuma a yi musu rigakafin ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Kyauta ne.

Wani ɗan kasuwa daga Kofar Kaura: Duk hunturu mura ke kwantar da ni. In sha antibayotik?

A'a, Alhaji. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairas. Bairas ɗin mura mai zazzaɓi ma yana da nasa makamin, NS1, mai danne intafiron, shi ya sa a kwanakin farko ake jin jiki kafin garkuwa ta farfaɗo. Ka huta, ka sha ruwa da yawa da farasitamol. In zazzaɓin ya wuce kwana uku ko ƙirji ya ɗaure, ka zo a gwada ka, har da gwajin maleriya.