Mectizan maganin shanu ne? Wa ya gano shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke yankin Zuru, jihar Kebbi. Shekara da shekaru ana auna tsayinmu da sanda a ba mu ƙwayar Mectizan kyauta. Wani makiyayi ya ce mini ai maganin tsutsar shanu ne aka canza wa suna. Gaskiya ne? Kuma wa ya gano shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Makiyayin bai yi ƙarya ba. Sinadarin da ke cikin Mectizan, wato aibamektin, a matsayin maganin dabbobi ya fara shiga kasuwa a 1981. Abin da bai gaya maka ba shi ne yadda aka yi ya iso ga mutane, kuma a nan sunan William Campbell ke shigowa.

An haifi Campbell a ƙasar Ayalan a 1930. Ya yi digirin digirgir a Amurka, daga 1957 kuma ya kama aiki da kamfanin magunguna na Merck, inda ya shafe sama da shekara 30 yana nazarin tsutsotsin da ke rayuwa a jikin dabba da mutum. A can Japan kuwa akwai Satoshi Omura na cibiyar Kitasato, wanda ke yawo da 'yar leda yana ɗibar ƙasa duk inda ya je, yana renon ƙwayoyin halittar da ke cikinta. Ɗaya daga cikin waɗanda ya aika wa Merck, daga ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf, ita ce Campbell da abokan aikinsa suka tarar tana kakkaɓe tsutsar cikin ɓeraye da ɗan abu kaɗan. Daga sinadarin da take fitarwa aka samo aibamektin.

Abin da ya fi burge ni a aikin Campbell shi ne wannan. Da aka gwada maganin a dawakai, sai ya lura yana kashe 'ya'yan wata tsutsa da ke zama a fatar doki, wadda 'yar uwa ce ta kusa ga mai haddasa makantar kogi, wato cutar da ake ba ku Mectizan dominta. Kamfani na hangen riba a kasuwar dabbobi, masu makantar kogi kuwa talakawan ƙauye ne da ba za su iya saye ba. Duk da haka a 1978 ya ba shugabanninsa shawarar a gwada a mutane. Dakta Mohammed Aziz, ɗan asalin Bangaladesh, shi ya jagoranci gwajin farko a Dakar ta Senigal a 1981. A 1987 kamfanin ya sanar zai riƙa bayar da shi kyauta har iya lokacin da ake buƙata. Campbell da Omura sun sami kyautar Nobel a 2015.

Ka tambayi dattawan garinku yadda abin yake a da: ƙaiƙayin da ke sa mutum ya sosa jiki da dutse har jini, kullutu a ƙugu, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare, magidanci mai ƙarfinsa yaro na jan sa da sanda. Baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar a ruwa mai gudu yake hayayyafa, shi ya sa masu noman bakin rafi suka fi shan wuya. Magungunan da ake da su kafin nan suna da zafi ƙwarai, wani ma yakan ƙara lalata idon.

Shi maganin, 'ya'yan tsutsar yake kashewa, ya kuma rage wa uwar haihuwa na wasu watanni, amma ita uwar takan kai shekara 10 zuwa 15 a cikin kullutu. Dalilin maimaita sha kowace shekara ke nan. Tsarin nan da gari ke zaɓen nasa mai raba maganin kuwa, wata 'yar Najeriya, Farfesa Uche Amazigo, na cikin waɗanda suka tsaya masa tsayin daka, ta kuma shugabanci shirin yaƙi da cutar na Afirka daga 2005 zuwa 2011. Maƙwabciyarmu Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar, a Janairun 2025.

Ina roƙon ka da babbar murya, Malam, kada jin wannan ya sa wani ya sha ko ya yi allurar ta shanu. An haɗa ta ne da ƙarfi da ma'aunin jikin dabba, tana iya yi wa mutum mummunan lahani. Ta mutane da sanda ake aunawa, ƙwaya 1 zuwa 4 gwargwadon tsayi. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai juna biyu, da mai jegon da ba ta cika mako ba, da mai ciwo mai tsanani. In an sha aka ji ƙaiƙayi ko ɗan kumburi, yawanci 'ya'yan tsutsar ne ke mutuwa, kuma yakan lafa cikin 'yan kwanaki. In abin ya yi tsanani a garzaya asibiti.