Ƙarfin jifa ya isa a zaɓi kwatabak?

Malam, ka tambaya ko ƙarfin jifa ya isa a gane kwatabak ɗin jami'a (ɗan wasan da ke jefa wa abokan wasansa ƙwallo) da zai yi fice a NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Ina! JaMarcus Russell hannu gare shi kamar majajjawa, 'yan ƙungiyar Raiders suka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL a 2007, bayan kaka uku suka sallame shi. Tom Brady kuwa, wanda ya yi fice a matsayin kwatabak, sai na 199 aka kira shi a zaɓen 2000.

Ni bidiyon wasannin kwatabak ɗin nake bi, ba gwajin da NFL ke yi wa sababbin 'yan wasa a birnin Indiyanafolis ba, inda ba mai kawo masa hari. Duba shi lokacin da aka rutsa shi, an kuma tsare wanda ya so jefa wa: idonsa na komawa kan na biyu da na uku, ko ranta a na kare yake yi?