Tambaya da Amsa: Inuwa Ta Toshe, Farar Riga Ta Ƙone

Tambaya: Ina ɗaukar hoto da fim baƙi da fari, Ilford HP5 Plus, ni nake wanke abina. In na ɗauka da rana tsaka, inuwa takan fito baƙi ƙirin, farar riga kuma fat, ba a ganin ko ɗinki. Na ƙara lokacin wanki, abin sai gaba ya yi. Ina mafita?

Amsa: Malam, ƙarin lokacin nan ne ya dagula maka lissafi. Inuwa tun wajen ɗauka ake samunta. Inda haske bai taɓa fim ba, ko kwana ka yi kana wanki ba abin da zai fito. Wurare masu haske kuwa kauri suke ta ƙarawa muddin fim na cikin magani.

Mita, wato na'urar auna haske, duk abin da ka nuna mata toka-toka take ɗaukarsa, ko da inuwa ce mai duhu. Don haka matsa kusa, ka auna inuwa mafi duhu da kake so a ga abin da ke cikinta, sannan ka rage haske mataki biyu (kowane mataki rabin haske yake ragewa). In mita ta ce f/4, wato girman ƙofar da haske ke shiga kyamara, sa f/8, kada ka taɓa saurin shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga. Sai ka auna rigar. In tazarar awon biyu mataki biyar ce, yi wanki yadda kamfanin Ilford ya tsara: maganin wanki ID-11 da ruwa ɗaya bisa ɗaya, minti 13 a digiri 20 na Salshiyos, kana juya tanki sau huɗu a farkon kowane minti. In ta kai bakwai, kamar taka, yanke kusan kwata, ya dawo wajen minti 10, kuma tun wajen ɗauka ka ƙara rabin mataki, domin gajeren wanki yakan ɗan rage inuwa. Gara maganin da aka sirka a nan. Tsantsarsa minti 7 da rabi ne, in ka yanke za ka kusanci minti 5, inda wanki kan fito dabbare-dabbare. Ranar hadari kuwa, tazara uku ko huɗu, ƙara kwata.

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin da masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer suka fito da shi wajen 1940. Sai dai ya fi dacewa da fim falle-falle. Kai hoto 36 ne a naɗi ɗaya, wanki ɗaya, saboda haka ka ware kowane naɗi ga haske iri guda.

Tambaya: Nagatif ɗina, wato fim ɗin da na wanke, ya fito shara-shara. Laifin ɗauka ne ko na wanki?

Amsa: Duba lambobin gefen fim, waɗanda kamfani ya buga tun a masana'anta. In sun fito baƙi sosai amma hoton ya dushe, haske ne bai isa ba. In su ma sun dushe, wankin ne: ko magani ya tsufa, ko ya yi sanyi. Duk digiri ɗaya ƙasa da 20, ƙara kusan kashi 10 cikin 100 na lokaci, kuma cikin maganin za ka tsoma ma'aunin zafi, ba iskar ɗaki za ka auna ba.