Tambaya da Amsa: Soyayyar Shinkafar Farin Kabeji ga Mai Ciwon Suga

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar wa maigidana cewa yana da ciwon suga, ya kuma umarce shi da ya rage cin shinkafa, alhali babu abincin da yake so kamar soyayyar shinkafa. Maƙwabciyata ta ce ana goga farin kabeji, wato cauliflower mai curarren farin kai kamar fure, a soya shi a madadin shinkafa. Na gwada, amma sai ya caɓe ya zama kamar fate, maigida ko cokali biyu bai ci ba. Shin da gaske abincin nan yana da amfani, kuma ta yaya ake girka shi ya yi warwar? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida. Allah ya ba maigida lafiya, ya kuma saka miki da alheri bisa wannan kulawa.

Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, kuma alƙaluma suna bayanta. A cikin giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa akwai kimanin giram 28 na kabohaidiret, wato sinadarin da jiki ke mayarwa suga, da kalori wajen 130. Shi kuwa ɗanyen farin kabeji mai nauyin giram 100 yana ɗauke da kimanin giram 5 ne kawai na kabohaidiret da kalori 25, kuma kusan giram 2 daga ciki harza ce, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wadda ba ta ɗaga sugan jini. Ga shi kuma da bitamin C mai yawa, abin da farar shinkafa ba ta da shi. Saboda haka maigida zai iya cin faranti cike ba tare da sugansa ya yi tashin da yake yi bayan cin shinkafa ba.

Abin da ya ɓata miki girki shi ne ruwa. Sama da kashi 90 cikin ɗari na farin kabeji ruwa ne, kuma inda shinkafa ke shan ruwa ta kumbura, shi fitar da nasa yake yi da zarar ya ji wuta ko gishiri. Duk wadda ta bi da shi yadda take bi da shinkafa, ta tafasa shi ko ta rufe tukunya ya turara, fate za ta sauke. Aikin gaba ɗaya na korar ruwa ne, tun daga wanki har zuwa saukewa.

Ki zaɓi wanda kansa yake fari kuma a cure, babu baƙaƙen ɗigo a jikinsa. Kayan lambu ne mai son sanyi, shi ya sa ake noma shi sosai a Filato, kuma ya fi samuwa a kasuwa lokacin hunturu. Ki ɓaɓɓalle shi, ki jiƙa cikin ruwan gishiri na minti 10 domin ƙananan kwarin da ke ɓuya a saƙo su fito, ki ɗauraye, sannan ki baza a faranti ya tsane sosai. Bayan haka ki goga shi da abin goga kuɓewa, ta ɓangaren manyan huji, har ya koma ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Idan da injin markaɗe za ki yi, ki zuba kaɗan-kaɗan babu ruwa, kina kunnawa kina kashewa nan take, domin idan ya daɗe yana juyawa ƙullu zai zama. Sai ki juye a kyalle mai tsabta ki matse da ƙarfi. Wannan matsar ita ce mata da yawa ke tsallakewa, kuma a ganina ita ce rabin girkin.

Ga kai ɗaya matsakaici, wanda zai ishi mutum biyu, ki tanadi ƙwai 2, albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, attaruhu, koren tattasai, koren wake, karas ɗaya, da dafaffiyar hanta ko tsokar kaza da aka yanka ƙanana. Ki ɗora kasko mai faɗi, ki zuba cokali ɗaya na man gyaɗa, ki soya ƙwan ki dagargaza shi ki kwashe. Ki ƙara wani cokalin mai, ki soya albasa da citta da tafarnuwa, ki zuba karas da koren wake su ɗan risina, sannan hanta da kori su biyo baya. Daga nan ki ƙara wuta sosai, ki zuba farin kabejin ki baza shi, ki bar shi ya ɗan kama kafin ki juya. Minti 4 zuwa 5 sun isa, kada ki rufe, kada ki sa ruwa ko romo, kuma idan kaskon ƙarami ne ki raba suyar gida biyu. Gishiri da ɗanɗano a ƙarshe za su shiga, tare da ƙwan da lawashi. Ki sassauta hannu wajen gishirin da dunƙulen ɗanɗano, saboda sau da yawa ciwon suga da hawan jini tare suke tafiya. Masarar gwangwani kuma ki bar ta, domin za ta dawo da sitacin da ake gudu.

Akwai abin da nake so ki riƙe da muhimmanci: kada ki kai wa maigida abincin nan da sunan shinkafa. Ɗanɗanonsa daban ne, kuma mutumin da ya sa rai da shinkafa ya ji wani abu a bakinsa zai ture farantin ko da girkin ya yi kyau. Ki gaya masa abin da kika dafa, kuma a makonnin farko ki haɗa rabin dafaffiyar shinkafa da rabin farin kabeji, wanda hakan ma ya rage kusan rabin sitacin farantin, daga baya ki riƙa janye shinkafar a hankali. Wannan zai kuma ba cikinsa damar sabawa, tun da farin kabeji, kamar ɗan'uwansa kabeji, yana sa wasu kumburin ciki da iska idan suka ci da yawa farat ɗaya. Kada ki rage ƙwai da nama a ciki, domin farin kabeji shi kaɗai ba ya riƙe ciki, kuma wanda yunwa ta tayar cikin dare burodi da shayi zai nema.

Kafin ku mayar da shi abincin yau da kullum, lallai maigida ya sanar da likitansa. Idan yana yin allurar insulin ko yana shan ƙwayoyin rage suga irin su gilbenkilamaid, rage sitaci kwatsam ba tare da an daidaita magani ba na iya sa sugansa ya faɗi ƙasa fiye da kima, abin da ke zuwa da gumi, karkarwa, jiri, har ma da suma. Idan kuna da na'urar gwajin suga a gida, ya gwada kafin cin abincin da kuma awa 2 bayan ci, ya rubuta sakamakon a takarda ya tafi da ita ranar ganin likita.