Tambayi Masu Gyara: Ƙugin ampli mai kwalba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa ampli mai kwalba (na'urar ƙara sauti mai aiki da kwalaben lantarki na gilashi) da hannuna: EL84 biyu masu ba sifika ƙarfi, ECC83 ɗaya mai fara ƙara sauti, sai EZ81 mai daidaita wuta, taransifoma kuma 250-0-250 V. Sauti ya yi daɗi, amma sifika na ƙugi ko da babu kiɗa. An ce in cire EZ81 in sa diyod 1N4007, in ƙara girman kondansa. Shin hakan zai magance shi?
Mai karatu daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara gano irin ƙugin tukuna. Kuran ɗinmu 50 Hz ne, bayan an daidaita shi kuma raurawarsa ta koma 100 Hz. Ƙugi mai kauri can ƙasa, na 50 Hz, yawanci daga wayoyin filama (zaren da ke dumama kwalba) yake ko daga haɗin mas (wayar da ke sauka jikin shasi), kuma diyod ba ta taɓa shi. Maganinsa murɗa wayoyin 6.3 V biyu-biyu, a kwantar da su jikin shasi nesa da ƙafar shiga ta ECC83. Na 100 Hz, wanda ya ɗan fi tsini, shi ne laifin tacewa.

In wannan ne, shawararmu ka bar EZ81 a wurinta. Kondansar farko kada ta wuce 50 µF, iyakar abin da kwalbar ke jurewa ke nan. In ka sa 220 µF za ka ga tartsatsi cikin gilashi lokacin kunnawa, kwanakinta sun ƙare. A bayan kondansar farko ne ake ƙara tacewa: shok (naɗin waya a kan ƙarfe mai tace wuta) na 5 zuwa 10 H mai ɗaukar 150 mA, sannan 100 µF, sai rezistans 10 k da 47 µF na ECC83 ita kaɗai. Shok ya yi nesa da taransifomar sauti, ƙarfensu kuma kada ya fuskanci gefe ɗaya.

In kuwa EZ81 ta gaji, ba a samu wata ba, diyod na aiki, amma da lissafi. 250 sau 1.41 ya ba da kusan 353 V, kuma diyod na sakin wannan wuta nan take, kafin kwalabe su yi zafi su fara ja. In kuran ya hau da kashi goma cikin ɗari, ta kusa 390 V. Kondansa mai 350 V za ta kumbura ko ta fashe. Sai mai 450 V, kuma ta 105°C, saboda zafin Tawa a watan Afrilu ga na kwalabe cikin akwati. Waɗanda ake cirowa daga tsofaffin talabijin a kasuwar Katako ta Yamai, sau da yawa sun bushe. A gwada kafin a liƙa. Diyod ɗin a jera biyu-biyu a kowane reshe, don wutar da ke danna su ta baya ta haura 700 V, 1N4007 kuwa 1000 V ce iyakarta. Diyod UF4007 ta fi, ba ta sa ƙaiƙayi cikin sauti.

Abin da aka fi mantawa shi ne EL84 ɗin. Iyakarta 300 V da 12 W, wutar da ta ƙaru kuma kanta take sauka, har farantinta ya yi ja. Ka sa rezistans 330 om mai 10 W bayan kondansar farko: a 100 mA tana rage 33 V. Sannan ka auna wutar da ke kan rezistans ɗin katod, wadda ke tsakanin EL84 da mas. In 130 om ce ta haɗa kwalaben biyu, ka nemi 10 zuwa 11 V. Ya wuce haka, ƙara rezistans ɗin ragewa. Ka auna filama ma, don cire EZ81 na sauke amfa ɗaya daga naɗin 6.3 V, wutar ta ɗan hau.

Don Allah, Malam, kondansa na riƙe wutar da ke kisa ko bayan an zare fulogi. Ka liƙa rezistans 220 k mai 2 W a kan ta farko ta zauna din-din-din, ka jira minti biyu, ka auna da mita, sai ka ga ƙasa da 10 V kafin ka sa hannu.